'Ya'yan Abarbar Adon Mama

Wasunku sun yi ta tambayata ko da gaske ina son Irmiya, ko kuwa wahalar da bawan Allah kawai nake yi. Wata ma cewa ta yi da ita ce, da tuni ta ɗauki jakarta ta bi shi. 'Yar'uwa, ba zan yi musu da ke ba. Wadda ba ta taɓa juya mahaifiyarta a kan gado ta goge mata baki ba, ba za ta san yadda ƙafa take nauyi ranar da aka ce mata taso mu tafi ba. Ku dai ku biyo ni a hankali.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, sunana Rifkatu. Iyayena mutanen wajen Kagoro ne, amma ni a Haɗejiya aka yanke mini cibiya, a unguwar Matsaro, a gidan hayar da Babana Malam Dauda ya kama tun zuwansa koyar da lissafi a sakandare. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da masu gidan, Malam Inuwa da matarsa Inna Saude, katangar ma da 'yar ƙofa a jikinta wadda ban taɓa ganin an kulle ba. Da Sallah tuwonsu a gidanmu yake kwana, da Kirsimeti shinkafarmu a nasu.

Mamana Dibora tela ce, rabin amaren unguwar ita ta yi musu ɗinkin fitar biki. Shekara biyu kafin abin da zan ba ku labari, wata safiya ta faɗi a gefen keken ɗinkinta. Da aka dawo da ita daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Ni ce mace tilo, wana Sama'ila kuma yana aiki a Kaduna. Na ajiye koyarwar firamaren da na fara, na zauna a gida. Ba wanda ya ce in zauna. Ba kuma wanda ya ce kada in zauna.

Akwai wata shuka a gidanmu da ya kamata ku sani. Mama ce ta taho da ita daga Jos tun tana amarya, kyautar wata matar mishan da ta yi wa aiki tana budurwa. Turawa suna ce mata biromiliyad, mu kuwa abarbar ado muke kiranta, don ganyenta sak na abarba ne, mai kauri da ƙananan ƙaya a gefe, sai dai nata yana da ratsin fari kamar an barbaɗa masa gari. Ganyayen sun kewaye sun yi ƙoƙo a tsakiya, nan ake zuba mata ruwa. Duk wanda ya san zafin Haɗejiya ya san ba garin irin wannan shuka ba ne. Amma Mama ta raya ta a ƙarƙashin rumfar zana, ta ware mata tulun ruwan sama, da bazara kuma ta jiƙa buhu ta rataya a gefen rumfar don iska ta yi sanyi. Sau ɗaya take fure. In ta yi, sai ta fara bushewa a hankali, 'ya'ya su ɓullo ta gindinta, a cire su a dasa. Haka Mama ta yi ta yi shekara da shekaru, har wadda ke rumfarmu a lokacin ba mu san jika ta nawa ba ce.

A farkon 1991, shekarar da aka yanke mana Jihar Jigawa daga Kano, ta yi furenta, wani dunƙule mai ruwan hoda mai tsini-tsini, da 'yan shuɗin furanni a tsakani. Matan unguwa har shigowa kallo suke yi. Zuwa ƙarshen damina furen ya dushe, ganyen waje ya fara ja, 'ya'ya huɗu sun tsaya a gindinta. Duk safiyar da na fito da Mama kan kujerarta, can idonta yake.

To, ranar wata Laraba da la'asar ina tace kamu na ji ƙarar babur ɗin Irmiya. Ku 'yan yanzu da kuke aika saƙo kafin ku zo, mu a lokacin ƙarar nan ita ce saƙonmu. Gabana ya faɗi kamar yadda ya saba. Na wanke hannu, na sake ɗaura ɗankwali, na ɗan goga hoda da sauri ba tare da na kalli madubi ba.

Irmiya malamin gona ne, yana aiki da manoman shinkafa a fadamun wajen Kafin Hausa. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Pankshin. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, shi ke riƙe babbar murya a ƙungiyar mawaƙan majami'armu. Bai taɓa shigowa gidanmu hannu rabbana ba. Ranar ma bandar tarwaɗa ya riƙo a ƙunshe. Ya durƙusa ya gai da Mama, ya riƙe hannunta mai lafiyar ya daɗe, sannan muka zauna a benci a bakin rumfa. Takalminsa duk laka.

"Rifi, sun sake ni," ya ce. "Zan koma Filato."

Na san maganar tana tafe. A farkon damina wansa Baƙo ya rasu a hatsarin mota, ya bar tsohuwarsu da gona da iyali, kuma Irmiya ne kaɗai namijin da ya rage a gidan. Sani daban, ji da kunne daban.

"Yaushe?"

"Kafin Kirsimeti. Ina so a ɗaura mana aure mu tafi tare."

Na kalli Mama. Tana can nesa kaɗan, kanta a karkace, amma na san kunnenta lafiya lau yake.

"Ita fa?"

"Na san za ki ce haka." Ya shafa kansa. "Tun da ta kwanta ban taɓa ce miki ki zaɓa ba. Yau ma ba da son raina ba ne. Amma in na tafi, na tafi ke nan, Rifi. Gonar nan ba za ta jira ni ba, tsohuwa ma haka."

"Ka ba ni lokaci."

"Lahadi bayan an tashi daga majami'a. In a'a ce, ki faɗa mini da bakinki. Kada ki aiko kowa."

Da ya tafi na koma kan kamun. Na tace shi har sau biyu ban sani ba.

Ranar Juma'a sai ga Yaya Sama'ila daga Kaduna, ba zato. Ya shigo da rigarsa safari ruwan toka, da jaka, da burodin hanya. Da ya ga yadda Mama ta rame, ya zube a gabanta ya kifa kansa a cinyarta, kafaɗunsa suna rawa. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku ɗauke shi mugu. Yayana ba mugu ba ne. Tsoro ne ya kawo shi.

Bayan mun ci tuwo, tun rana ba ta faɗi ba, ya gyara zama.

"Baba, mun yi magana da su Kawu a gida. Lokaci ya yi da za ka ajiye aiki. An yi sabuwar jiha, ba wanda ya san yadda za a yi da baƙi irinmu. A mayar da Mama Kagoro. Ga sanyi, ga dangi. In ma ta Allah ta kasance, a kwantar da ita kusa da iyayenta."

Baba ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Wa zai kula da ita a can, Yaya?" na ce.

"Ke mana. Da wa yake yi?"

"Irmiya ya ce..."

"Aure guduwa yake yi? In yana sonki ya jira. In bai jira ba, dama can ba naki ba ne. Uwa ɗaya gare ki, Rifkatu."

Na juya wajen Baba ina jiran ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya. Ya ci gaba da goge tabarau. Gilashin nan ya fi ƙarfin awa yana shan guga. Na tattara kwanuka na shige madafa, na tsaya a gaban murhu, hawaye yana zuba a kan toka. A raina na gama yanke hukunci: ranar Lahadi zan ce wa Irmiya ya je, Allah ya haɗa shi da rabonsa.

Washegari da safe na yi wa Mama wanka, na shafa mata mai, na ɗaura mata zanenta mai ganyen rogo da take so, na fito da ita rumfa. Na miƙo mata kunu ta kawar da kai. Ta ɗaga hannun hagu ta nuna shukar.

"Wu... ƙa."

"Mama, ki sha kunu tukuna."

"Wuƙa!"

Rabon da in ji ta ɗaga murya haka na manta. Na ɗauko ƙaramar wuƙar da muke yanka albasa. Ta girgiza kai, ta nuna murhu. Sai na tuna tun ina ƙarama na sha ganin tana kara wuƙa a wuta kafin ta taɓa shukar. Na wasa ta a bakin turmi, na kara ta a garwashi, na bari ta huce.

Ban taɓa cire 'ya'yan da hannuna ba. Kullum ita ke yi, ni nawa riƙe tukunya. Na shimfiɗa buhu a gabanta, na kwantar da tukunyar, na bubbuga gefenta har shukar ta zame ta fito da ƙasarta. Ƙayar ganyen ta karce mini damtse. Na sa yatsa ina kaɗe ƙasar a hankali har inda kowane ɗa ya manne da uwar ya bayyana, wani gajeren kututture mai tauri kamar icce.

"Kusa," in ji Mama. "Kusa... da uwa."

Na ɗora wuƙar a kan babban, wanda ya kai rabin tsawon uwar.

"In na ji mata ciwo fa?"

"Yan... ka."

Na danna. Ya yi ƙas, ya rabu, da 'yan jijiyoyinsa farare guda-guda a gindi. Wani ɗan ruwa ya tsattsafo a wurin yankan. Mama ta nuna murhu kuma. Na ɗebo garin gawayi na shafa a ciwon ɗan, na shafa a na uwar. Na biyu ya fi sauƙi. Na uku ba shi da jijiya ko ɗaya, na ɗaga mata shi ina tsoro, ta yi alama da kai ba komai, zai yi tasa in ya ji ƙasa.

Saura na huɗu, ɗan ƙarami, bai fi tsawon tafin hannuna ba. Na kai wuƙar, sai Mama ta buge mini hannu.

"Bar... shi. Bai kai ba. Ya zauna... da ita."

Na saki wuƙar na fashe da kuka, irin kukan da ban yi ba tun ranar da ta faɗi.

A haka Inna Saude ta turo 'yar ƙofar katanga ta shigo, da ƙwaryar fura a hannu, mayafinta a kafaɗa.

"Subhanallahi! Wa ya rasu?"

Ina shessheƙa na ba ta labari, na Irmiya, na Yaya, har na ɗan ƙaramin da Mama ta ce a bari ya zauna da uwarsa. "Na gane, Inna. Da ni take. So take in zauna."

Inna Saude ta ajiye ƙwaryar, ta riƙe haɓa.

"Ke shuka ce? Ikon Allah! Mace da ƙirjinta da karatunta ta zauna tana kuka wai ita ce ɗan abarba. Dibora, kin ji 'yarki?"

Mama ta yi wani sauti. Na ɗaga kai a firgice, na ɗauka shaƙewa ta yi. Ashe dariya ce, da rabin bakinta, har hawaye yana gangaro mata ta ido ɗaya.

"Wa... wuya," ta ce. "Ƙarami... zai mutu... in an cire. Shi ke nan."

Ta sa na jera ukun a inuwa a kan faifai, don ciwon ya bushe kafin a dasa, in ba haka ba ruɓewa za su yi. Uwar kuma na mayar da ita tukunyarta da ɗan autanta. Sannan ta dubi Inna Saude, suka yi irin kallon nan nasu na mutanen da suka shekara ashirin da ɗoriya suna aron gishiri a wajen juna.

"Kira... su," in ji Mama.

Baba da Yaya suka fito. Inna Saude ta yunƙura za ta ba mu wuri, Mama ta kama bakin mayafinta. Ta zauna.

Mama ta daɗe tana tattara maganar. Muna ganin jijiyar wuyanta tana motsi. Ba wanda ya taya ta.

"Sama'ila. 'Ya'yana... biyu... suna nan." Ta nuna gabas, wajen maƙabartar da aka binne tagwayen da ta haifa kafin ni, waɗanda ƙyanda ta ɗauke a mako guda. "Ba ni... zuwa... ko'ina."

"Mama, don lafiyarki ne..."

"Ba ni zuwa."

Wannan karon a miƙe ta fito, ba gargada.

Yaya ya juya wajen Baba. "To in ta zauna, ita kuma wannan ta yi aure ta tafi, wa zai ɗauke ta? Wa zai kai ta bayi?"

"Ni ina nan," in ji Inna Saude. "Daga safe har Malam ya taso daga makaranta, tawa ce."

"Inna, mun gode. Amma irin wannan aiki na jini ne."

Na ga fuskar Inna ta canja. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sama'ila, ranar da aka haife ka ruwa ya cinye hanya, ba motar da za ta kai uwarka asibiti. A ɗakin can na karɓe ka da hannun nan. Da aka binne ƙannenka, a ɗakina ka kwana kana neman uwarka, na goya ka har ka yi barci. Ban tambayi jinin wa ke jikinka ba. Yau kai ne za ka tambayi nawa?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

Sai Baba ya cire tabarau. Na ce a raina shi ke nan, an koma guga. Amma ninke shi ya yi ya sa a aljihu.

"Sama'ila, ka gama?"

"Na gama, Baba."

"Ranar da muka tsaya a gaban Fasto a Kagoro, ni aka tambaya ko zan riƙe Dibora cikin lafiya da cikin ciwo. Ni na ce i. Rifkatu ba ta wurin." Ya dubi hannuwansa. "Na bar yarinyar nan ta ɗauki alkawarina, don ta fi ni iyawa, kuma don ya fi mini sauƙi. Ya isa haka. Ba zan ajiye aiki bana ba, ba kuma inda za mu. Daga yau ta koya mini yadda ake ɗaga uwarku. Abin da ya fi ƙarfina, ga Saude, ga zumuntar matan majami'a."

Ya juyo gare ni. Rabon da ya kalle ni ido cikin ido har na manta.

"Kina son yaron nan?"

Kunya ta kama ni, a gaban Yaya, a gaban Inna. Na rufe fuska da gefen zane.

"Ba na jin maganar zane," in ji Baba.

"Ina sonsa, Baba."

"To ki gaya masa ya turo manyansa."

Yaya ya tashi ya fita zaure. Ya daɗe a can. Da ya dawo sai ya tsuguna ya ɗauki kofin kunun da ya huce ya fara ba Mama a baki da cokali. Ta sha.

Da yammar ranar na koya wa Baba yadda zai sa hannu a ƙarƙashin hammatarta, ya dafa gwiwarsa da tata, ya ɗaga da ƙafa ba da baya ba. Karon farko saura kaɗan su zube su biyun. Mama ta ce masa wata kalma da yarensu wadda ban taɓa ji ba, ya yi murmushi kamar saurayi.

Ranar Lahadi na je sujada da zuciya fara. Na zauna a layin mata ina satar kallon mawaƙa. Irmiya ba ya cikinsu. Waƙar ta fito ba gindi, kamar miya ba daddawa. Na ce ko ruwa ne ya tsare shi a fadama, don kogin Haɗejiya ya cika ya batse a makon, har ya fara lasar gonakin bakin gada. Aka tashi, na tsaya a bakin majami'a har mutane suka watse. Bai zo ba.

Na dawo gida jikina a sanyaye. Mama ba ta bar ni na zauna ba, ta nuna faifan. Ciwon 'ya'yan ya bushe ya yi tauri. Na ɗauko ƙananan tukwanen ƙasa uku masu huda a gindi. Na haɗa yashin kogi da ɓuntun shinkafa da farfasasshen gawayi da ɗan ruɓaɓɓen ganye, don ita ba ta son ƙasa mai riƙe ruwa. Na dasa kowanne sama-sama, iyakar gindin kawai, na kafa masa tsinken kara biyu ya jingina har ya kama. Na ɗebo ruwan sama na zuba kaɗan a ƙoƙon kowanne.

Mama ta nuna na farko. "Saude." Ta nuna na biyu. "Sama'ila." Yaya ya karɓa da hannu biyu, yana tambayata sau nawa ake sake ruwan don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Ta nuna na uku, mara jijiyar nan.

"Naki. Kai... gidansa. Ya fara... sabawa."

"Mama, ni in je? Bai zo ba fa."

"Je ki."

Na shiga ɗaki na buɗe akwati. Na ɗauko atamfata shuɗiya mai zanen tsuntsaye, ɗinkin Mama na ƙarshe kafin ta faɗi, wadda ban taɓa sawa ba don ban ga ranar da ta cancanta ba. Na ɗaura ɗankwalin na karkata shi gefe, na sa 'yan kunne na azurfa, na zizara kwalli, na ɗiga turare a wuya. Inna Saude ta leƙo ta katanga ta rangaɗa 'yar guɗa ƙasa-ƙasa don kada Malam Inuwa ya ji.

Na fito rungume da tukunyar. Gari ya yi luf bayan ruwan safe, ƙamshin bandar kifi yana tasowa daga rumfuna. A hanya ina ta gwada yadda zan faɗa masa. In ce Baba ya ce ka turo? In ce i kawai? Ko in miƙa masa tukunyar in yi shiru, ya gane da kansa? Wallahi har dariya nake yi ni kaɗai, wata mai tallan gyaɗa ta bi ni da kallo.

Ɗakinsa ciki da falo ne a gidajen ma'aikata da ke kan hanyar gada. Daga nesa na hango babur ɗinsa a jingine, hankalina ya kwanta. Da na matso sai na ga abin da ban saba gani ba. Hayaƙi yana tashi a madafarsa, shi da ko shayi a waje yake sha. Ga buhun acca a bakin ƙofa, ga ƙunshin kaya, ga ƙananan takalman roba na yaro.

Wata tsohuwa tana zaune a tabarma, siririya, baƙa, tana tsince acca a faifai. Ko ba a faɗa mini ba, wushiryar nan ta isa. Na ajiye tukunyar na durƙusa har ƙasa.

"Sannu, Mama. Sannu da zuwa. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya," ta ce, ba ta daina tsintar ba.

Irmiya ya ɗaga labule ya fito, daga shi sai singileti, idonsa ja kamar wanda bai runtsa ba.

"Rifi..." Ya tsaya a bakin ƙofa. "Jiya da yamma suka sauka. Ban san da zuwansu ba."

Tsohuwar ta ɗago ta dube ni, daga ɗankwali har takalmi, ba da ƙiyayya ba, kamar mai auna kaya.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Mama."

"Kyakkyawa ce." Ta ajiye faifan. Ta juya wajen madafa. "Rahila!"

Wata mace ta fito cikin baƙaƙen kayan makoki, da goyo a baya, wani yaro yana riƙe da zanenta. Ba za ta girme ni da yawa ba. Na gane ta nan take, don na sha ganin hoton bikinta a cikin hotunan Irmiya, tana dariya a gefen marigayi Baƙo. Yanzu ba dariya. Kanta a ƙasa.

"Kawo wa baƙuwar mijinki ruwa," in ji tsohuwar.

Na ɗauka kunnena ne.

"Mama!" in ji Irmiya.

"Me na faɗa da ba daidai ba? Dangi sun zauna, sun gama magana, kai za ka auri matar wanka. Gidan Baƙo ba zai mutu ina raye ba, 'ya'yansa kuma ba za su tashi a gidan wani ba. Gara yarinyar mutane ta ji yau, da ta ji a bakin duniya."

Ina nan a durƙushe. Rahila ta koma ta dawo da kofin silba. Ta durƙusa a gabana, gwiwarta tana taɓa tawa. Ruwan ya ɗan zuba a kan atamfata. Da ta miƙo mini, ta matso da bakinta kusa da kunnena yadda tsohuwar ba za ta ji ba.

"Ki yafe ni, 'yar'uwa. Ni ma ba a tambaye ni ba."

Na karɓi kofin. Na ɗaga kai na dubi Irmiya, mutumin da ya ce in a'a ce in faɗa masa da bakina. Na jira shi ma ya buɗe nasa.

Shi kuwa ƙasa yake kallo.